Kada Ki Motsa

A asibitin da yake aiki, in ka neme shi da sunansa na yanka sai a yi ta kallon juna. Amma ka ce "Ina Kada-ka-motsa?" ko mai shara zai nuna maka hanya: ka bi dogon barandan nan, ka wuce ɗakin allura, ka sha kwana, ƙofar da ke da jar fitila a kanta. Nan yake, shekara da shekaru, a ɗakin da ba taga, yana ɗaukar hoton ƙasusuwan mutane, shi ya sa wasu kuma ke ce masa Mai Hoto. Ya shigo aikin da baƙin gashi, ga shi yau furfura ta fara leƙowa ta gefen hula, kuma duk tsawon zamanin nan magana ɗaya yake nanatawa: "Kada ka motsa. Riƙe numfashi. To, saki." Ya faɗa wa tsoho, ya faɗa wa jaririn da bai san me ake cewa ba. Matarsa ma ta rantse ta taɓa jin yana faɗa cikin barci.

Aiki ne mai cin baya. Ga rigar dalmar da yake ratayawa don kare jiki daga na'ura, ga ɗaga marasa lafiya, ga sunkuyo a gyara wannan ƙafa, a miƙar da wancan hannu, mai hannun kuma yana ihu yana tsine wa wanda ya taɓa shi. In ya tashi aiki, tafiya yake kamar wanda aka ɗora wa buhu. Ba mai faɗa ba ne, ba kuma mai fara'a ba. Gajiya ce kawai ta zauna masa a fuska har ta zama kamanninsa.

A gida kuwa wata kalmar ce ta daban, ita ma kullum sai ya faɗe ta. Motarsa ƙarama ce, tsohuwa, yara suna ce mata Kunkuru, kuma wallahi ba su zalunce ta ba. Kowace safiya sai an yi dambe kafin a shiga. Malama, matarsa, tana koyarwa a makarantar da yaran ke zuwa, ita ce a gaba da Auta a cinya. Baya kuma akwai Dogo, babban ɗansu, wanda ƙafafunsa kaɗai sun isa su cika rabin mota, sai 'yan biyu da ba sa zama sai sun raba kujerar da gwiwar hannu. Kujerar mutum uku ce, kuma mutum uku sun riga sun cika ta. Sai a waiwayo a ga Siririya tsaye a bakin ƙofa, da jakarta a ƙirji, tana jira.

"Ku matsa," in ji shi, ko waiwayowa ba ya yi. "Ku matsa mata."

Ba mai matsawa. Ita ce dai za ta cusa kanta, ta ɗosana rabin jiki a bakin kujera, ta ja ƙofa da kyar, ta kama mariƙin ƙofar da hannun dama don kada ta zame in an sha kwana. In Dogo ya ji an takura shi sai ya ce, "Siririya, matsa mana, ai ke ba ki da jiki." Sai ta matsa. Ina take matsawa, Allah kaɗai ya sani.

'Yar ƙanwarsa ce. Uwar ta rasu yarinyar tana ƙarama, uban kuma direban babbar mota ne, yau yana nan gobe yana can, sai ya kawo ta da 'yar jakarta ya ce a riƙe masa ita kafin ya daidaita. Har yau bai daidaita ba. Ba wanda ya taɓa dukanta a gidan, ba wanda ya hana ta abinci. Malama tana yi mata kitso ranar da take yi wa tata 'yar. Sai dai yarinyar ta koyi wani abu da ba wanda ya koya mata: ba ta cin wuri. A tabarma tana gefe, a gado tana jikin bango, in ana magana ita ce ta ƙarshen buɗe baki. Shi kuwa Kawun nata abin har daɗi yake masa. Cikin yara biyar a samu ɗaya da ba ta ƙara maka ciwon kai, ai sai godiya.

Ranar da abin ya faru sun makara, kamar kullum. Ɗaya daga cikin 'yan biyu ta ɓatar da takalmi, Auta ya zubar da shayi a rigar uwarsa. A shatale-talen da ke kusa da makaranta wani mai babur ya gifta, Mai Hoto ya taka birki, sai ga motar raba burodi ta kwaso daga dama ta daki ƙofar baya. Ƙara ɗaya, gam! Kunkuru ta yi gefe ta tsaya, ta mutu.

Ba wani babban haɗari ba ne, ya ga waɗanda suka fi shi sau dubu a wurin aiki. Amma da ya juya ya ga jini a leɓen Auta, sai ya manta da duk wannan. 'Yan biyu suna ta tsala ihu, Malama tana salati, jama'a sun taru kowa da tasa shawarar, direban burodi ya ɗora hannu a ka yana rantsuwa birkinsa ne ya ci amanarsa. Mai Hoto ya fito da yaran ɗaya bayan ɗaya ta ɗaya ƙofar, ya tsugunna a bakin titi yana lalube su yadda ya saba: wuya, kafaɗa, haƙarƙari, gwiwa. Dogo lafiya. 'Yan biyu tsoro ne kawai. Auta haƙorinsa ne ya cije leɓe. Ya ɗaga kai yana neman ta biyar, sai ya hango ta can tana tsince littattafan da suka watse a kwalta.

"Siririya, ke fa?"

"Lafiya lau, Kawu."

Mai tsintar littafi ai lafiyarta lau. Ya koma kan direban burodi.

Da yamma gida ya cika da masu zuwa jaje. Cikinsu har da yayarsa, wadda yara ke kira Gwaggo, mace mai ƙaunarsa ƙwarai, mai kuma faɗin abin da ke ranta ko ba a tambaye ta ba. Malama tana shafa wa Auta magani a leɓe ta ce, da muryar wadda ta gaji da faɗa, "Baban yara, na sha gaya maka motar nan ta yi mana kaɗan. Yau da Auta ya fice ta gilashi fa?"

"Ba motar ce ta yi kaɗan ba," in ji Gwaggo. "Ku ne kuka yi yawa. Kai dubi yadda ka koma, ƙanina, duk ka rame ka lalace. Yarinyar nan tana da dangin uba, kakarta tana nan da ranta, kullum aike take a kai mata ita. A kai ta mana, ku ma ku sarara."

"Yaya, a bar maganar nan yanzu."

"Ba yau na fara barinta ba."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi zai duba, abin da yake cewa ke nan in yana so a ƙyale shi ya miƙe bayansa. Bai lura da wadda ke durƙushe a bakin ƙofa tana kwashe kofuna ba.

Bakanike ya zagaya Kunkuru, ya leƙa ƙarƙashinta, ya taso yana goge hannu. Ya ce ƙofa dai a buga ta ta miƙe, amma ƙashin motar ya karkace, kuma shi tsakani da Allah ya gaji da ganinta. "Alhaji, ka bar baiwar Allah nan ta huta. Ta yi maka iya yinta." Mai Hoto bai yi musu ba. Da ma ya daɗe yana tari a asusun ma'aikata, kuma akwai motar da ya daɗe yana ajiye wa a zuciyarsa, bai taɓa gaya wa kowa ba.

A filin dillalin motoci take, kan hanyarsa ta zuwa aiki. Ruwan toka, mai sheƙi, 'yar madaidaiciya. Ya sha rage gudu in ya zo wucewa don kawai ya kalle ta. Wannan karon ya shiga. Dillalin, wani mai tumbi da makullai cike da aljihu, ya buɗe masa ƙofa ya ce ya zauna ya ji. Ya zauna. Kai! Kujerar ta karɓi bayansa daidai inda yake masa ciwo. Aka rufe ƙofa, hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Ya rufe ido, ya ji rabonsa da hutu irin wannan har ya manta. Ya so motar nan, so na gaske, irin wanda babba ke jin kunyar faɗa.

"Iyali nawa ne?" in ji dillali.

"Ni da uwarsu, da yara..." Ya ɗan tsaya. "Yara huɗu."

"Ka ga, daidai ke nan. Uku a baya, ƙaramin a cinya, ko a tsakiya in ya ƙara girma a lallaɓa. In kuma taro gare ka, ga waccan." Ya nuna wata doguwar fara a can ƙarshen fili, mai layin kujeru uku, ƙura ta rufe ta, ƙofarta irin ta ja ce. Mai Hoto ya kalle ta sau ɗaya ya kau da kai. Ya ce zai dawo.

A hanyar gida ya yi ta gaya wa kansa ba ƙarya ya yi ba, ai yaransa huɗu ne. Kuma maganar Yaya ba ta rasa gaskiya. Kakar yarinyar tana sonta, can za ta samu ɗaki da sarari, nan kuwa me take samu ban da matsi? Ya jera hujjojin nan tsaf, kowace ta zauna daidai. Abin da ya hana shi jin daɗinsu shi ne bai sani ba.

Kwanakin da suka biyo baya a motar haya ake zuwa makaranta, kowa ransa a ɓace. Ranar hutun ƙarshen mako Gwaggo ta sake zuwa, ta ce ta zo jin inda aka kwana. Suna zaune a falo ya ce a ba shi ruwa. Siririya ta kawo, ta durƙusa, ta miƙa masa kofi da hannun hagu.

"La ilaha!" Gwaggo ta tafa hannu. "Da hagu? Kawunki za ki miƙa wa abu da hagu? Malama, haka kuke barinta?"

"Jiya ma na yi mata faɗa, da hagu na ga tana cin abinci," in ji Malama. "Ban san inda ta ɗauko wannan sabon salo ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Shi kuwa bai karɓi kofin ba. Hannun daman yake kallo, wanda ta naɗe cikin mayafi ta manne a ciki. Ya san wannan riƙon. Kullum da shi ake shigo masa ɗakin hoto.

"Kawo hannun nan in gani."

"Ba komai, Kawu."

"Kawo."

Ya janye mayafin a hankali. Tsintsiyar hannun ta kumbura, ta yi wani shuɗi-shuɗi. Ya ɗan taɓa da yatsa biyu, yarinyar ta ja iska ta haƙori, amma ba ta janye hannun ba. Malama ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, kuma jiya na sa ta wanke-wanke." Ya sa takalmi, ya ce wa yarinyar ta taso.

Ranar hutu ce, barandan asibitin ba kowa sai mai goge ƙasa. Ya buɗe ɗakinsa, ya kunna fitila, ya kunna na'ura, ya jawo kujerar da masu hoton hannu ke zama ya ce ta hau. Kujera ce babba, ƙatti ma suna zama a kanta su bar wuri. Siririya ta ɗosana a can bakin gefe, rabin jikinta a iska.

"Gyara zama."

Ta gusa kamar faɗin yatsa.

"Zauna sosai mana. Ba mai zuwa."

Ta kalle shi, ta kalli sauran kujerar, kamar ba ta gane abin da yake nufi ba. Sai da ya kama kafaɗunta ya zaunar da ita a tsakiya. Ya shimfiɗa hannun a kan faranti, ya rufa mata 'yar rigar dalma, ya koma bayan gilashi. "Kada ki motsa. Riƙe numfashi." Hoton hannu ba ya bukatar riƙe numfashi, baki ne kawai ya saba. Ta riƙe. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin yaron da ya iya zama shiru kamar wannan ba, kuma yau ne karon farko da hakan bai burge shi ba. "To, saki."

Hoton ya fito a allo. Tsaga ce 'yar siririya a ƙashin, irin ta yara, wadda ke warkewa in an ɗaure. Ya daɗe yana kallonta fiye da yadda aikin ke bukata.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta kafa ido a kan hannun nata.

"Ba faɗa zan yi miki ba. Tun ranar motar ne?"

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, da 'yar murya, "Kawu, in ya karye, kai ni za a yi?"

"Kai ki ina?"

"Gwaggo ta ce mun yi yawa. Na ga in na ce ina ciwo, na ƙara muku aiki." Ta ɗaga ido. "Zan iya matsawa sosai, Kawu. Ko wace mota ka saya zan shiga."

Ya zauna a kan matakalar gadon hoto. Kunya ta kama shi, mai zafi, ta haɗu da baƙin ciki. Ya tuna bakin titi, ya lalube huɗu ya tambayi ɗaya daga nesa. Ya tuna abin da ya ce wa dillali. Fuskar ƙanwarsa ce sak a gabansa, ita ma haka take tun suna yara, a ba ta ƙaramin kaso ta ce ya ishe ta. Ya so ya yi wa yarinyar dogon bayani, amma shi ba gwanin magana ba ne. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Taso mu je a ɗaure miki hannu."

Da suka dawo gida da farin filasta har gwiwar hannu, Gwaggo na nan ba ta tafi ba, jikinta ya yi sanyi. Ta buɗe baki za ta yi magana ya riga ta. "Yaya, na duba. Tana nan, ba inda za a kai ta." Yadda ya faɗa, ba ta ƙara ba. Malama ta jawo yarinyar jikinta tana share ido da gefen zane, tana yi mata faɗan me ya sa ba ta faɗa ba, faɗan da rabinsa kuka ne.

Ya koma wurin dillali, wannan karon da gidan gaba ɗaya. Dillalin ya tarye shi da makullin mai ruwan toka a hannu, sai ya tsaya yana kallon yaran da ke biye da shi.

"Alhaji, ba huɗu ka ce ba?"

"Biyar ne. Buɗe mini waccan."

Kusa da ita ta fi muni. Fentin ya dushe, ƙofar sai an sa ƙarfi take jawuwa, kujerar direba kuwa tauri kamar benci, yana zama bayansa ya gaya masa abin da ke jiransa. Dillali da kansa ya ce tana shan mai, ba zai ɓoye ba. 'Yan biyu suka zagaya ta suka dawo a guje: "Baba, irin wadda ta buge mu ce! Burodi za mu fara sayarwa?" Dogo ya ce shi dai a riƙa sauke shi nesa da ƙofar makaranta. Shi kuwa Mai Hoto ya san a wurin aiki ma sai an tambaye shi ko haya zai fara. Malama ta leƙa ciki, ta shafa kujerun ɗaya bayan ɗaya, ta ja bel ɗin kowace ta gani ko yana kamawa, ta sami inda Auta zai zauna shi kaɗai ba a cinya ba. Ta dube shi ta ce, "Baban yara, bayanka fa?" Ya ce bayan ai ya saba. Sau ɗaya ya waiwaya ya kalli mai ruwan toka, ransa ya sosu, bai kuma ɓoye wa kansa ba.

Safiyar farko bayan ya sayi farar motar aka makara, kamar kullum. Ya zauna a gaban sitiyari yana jira, idonsa na yaji don barci bai ishe shi ba. 'Yan biyu suka haye can baya suna rigimar taga. Malama ta ɗaure Auta. Siririya ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a ƙirji, tana jira kowa ya gama.

"Shiga," in ji shi. "Layin tsakiya, ta taga."

Ta shiga ta zauna. Sai ga Dogo a guje, da burodi a baki da takalmi ɗaya a hannu, ya zo ƙofar, ko dubawa bai yi ba ya ce, "Siririya, matsa mana." Ta riga ta fara tattara jikinta, hannun hagu yana laluben abin kamawa.

"Kada ki motsa."

Da muryar aiki ya faɗa, wadda ƙatti ke ji su sandare. Ya ce wa Dogo ya ɗaga dogayen ƙafafunsa ya tsallaka, ga wuri can. Dogo ya tsallaka yana gunaguni, aka ja ƙofa ta rufu. Ya tayar da mota, ya ɗaga ido ya gyara madubi, sai ya gan ta a ciki: zaune a tsakiyar kujerarta, farin hannun a cinya, kumatu a kumbure, ido a waje. Ta riƙe numfashi, tana jira.

Ya sauke hannunsa daga madubin.

"To, saki," ya ce.